Ɗaurin Aure a Zangon Kumasi

Ɗaurin auren ɗan baffana ne ya kai ni Kumasi. Wan kakanmu ya tafi fataucin goro tun yana saurayi, ya yi aure a can, bai ƙara komowa Kano ba, amma zumunci bai yanke ba. Mu biyu aka wakilta daga gida, ni da wani ɗan uwanmu. Daga Legas muka hau mota, muka ƙetare iyakar Seme, muka ratsa Kwatano da Lome, muka shiga Gana ta Aflao. Hanya ce ta shingaye da jiran hatimi, babu abin labari a cikinta sai gajiya. Mun kwana a unguwar Nima cikin Akra, washegari muka kama hanyar Nsawam da Nkawkaw, la'asar ta yi mana a Aboabo.

Wanda bai taɓa zuwa ba zai ɗauka zango unguwar Hausawa ce zalla. A layin gidan Baffa kaɗai akwai Dagomba da Mosi da Zabarmawa da Kotokoli da Yarbawa, kowa da yarensa a cikin gida, Hausa kuma ita ce ta ciniki da masallaci da faɗan yara. Tarihin ma a haɗe yake. Salaga ce babbar kasuwar goro ta ƙasar Gwanja, har yaƙin basasa ya tarwatsa ta a 1892, fatake da malamai suka watsu zuwa Kete Krachi da Akra da sauran garuruwa. Bayan Turawan Ingila sun karɓe Kumasi a 1896, zangonta ya yi ta cika.

Da sanyin safiya na zauna a benci kusa da mai koko. Babbar tukunya ce a naɗe da leda don kada ta huce, ƙosai na soyuwa a gefe, ƙamshin citta da kanumfari ya cika layi. Rabin masu jira Asantawa ne cikin kayan zuwa aiki, suna taɗi da ita da yaren Twi, tana amsawa ba gargada, ta juyo ta tsawata wa ɗanta da Hausa. Shagon da ke bayanta ya rataye hoton Babban Limamin ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, wanda ya shiga cocin Katolika a Akra ranar Ista ta 2019 yana gab da cika shekara 100, ya zauna tare da su. Zaman lafiyar Gana gaskiya ne, na gani da idona, kuma ya burge ni.

Sai dai akwai miki a ƙarƙashinsa, Gwaggo ce ta buɗe mini shi da dare a tsakar gida. Tana 'yar budurwa lokacin da gwamnatin Firaminista Busia ta fitar da dokar korar baƙi a watan Nuwamban 1969, aka ba duk wanda ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Ta ce maƙwabciyarsu ta sayar da gadon ƙarfe da keken ɗinki a kuɗin da bai kai na tabarma ba. An ɗora mutane a manyan motoci zuwa ƙasashen da wasunsu ba su taɓa takawa ba, don a Kumasi aka yanke musu cibiya. Mahaifinsu ya samu takarda da ƙyar, ya yi watanni ba ya fita kasuwa da babbar riga. Da ɗan uwan tafiyata ya fara zagin Ganawa, sai ta ɗaga masa hannu.

"Ɗana, yi a hankali. A 1983 ku ma kun koro 'yan Gana daga Najeriya. A nan muka ga dawowarsu da jakunkuna a ka."

Angon ya ce har yanzu inuwar abin tana binsu. Ya je wani ofishi neman takardar shaida tare da abokinsa mai suna irin na ƙabilar Akan, wadda Asantawa ke cikinta. An sallami abokin nan take, shi kuwa aka tsare shi da tambayar inda aka haifi kakansa. In aka yi sata ko rikicin zaɓe, yaran zango ake fara ambata. An kafa ma'aikatar raya zanguna a 2017, an yi wasu ayyuka, amma kwata da fitilar titi ba sa hana a kalli mutum a matsayin baƙo a garin haihuwar ubansa.

Abin da ya fi ci mini rai daga ɓangarenmu ya fito. Ɗan uwan nawa ya yi ta dariyar Hausar yaran gidan, saboda ba sa bambanta namiji da mace a magana, har ya ce wannan ai ba Hausa ba ce. Na ja shi gefe na ce ya bari. Mutanen da suka riƙe harshe tsawon zuriya uku a tsakiyar Asante godiya ya kamata mu yi musu.

Amaryar kuma Mosi ce, kakanta ya zo aikin gonar koko daga ƙasar da ake kira Burkina Faso yanzu. Ana gobe ɗaurin aure wani dattijon dangi ya ce shi dai bai so ba, wai 'yan ƙwadago ne, ba su da asali. Mutumin da aka taɓa nuna wa ƙofa saboda asali shi ne yake faɗin haka! Gwaggo ba ta ɗaga murya ba.

"Yaya, a shekarar kora uwar yarinyar nan da ni layi ɗaya muka bi neman takarda. Ban ga an tambaye mu waye ɗan fatake waye ɗan lebura ba."

An ɗaura aure bayan azahar, aka raba goro da alewa, maroƙi yana ta kirari da Hausa da Twi.

Ranar da za mu taso angon ya rako mu tashar mota. Yana so ya yi karatun digiri na biyu a Kano, sai ya tambaye ni: "Yaya, in na zo za a ba ni takardar ɗan asalin ƙaramar hukuma?" Na faɗa masa gaskiya. Shi mai yiwuwa ya samu, tunda gidan kakansa yana nan cikin birni kuma mai unguwa ya san mu. Amma akwai waɗanda aka haifa a Sabon Gari, su da iyayensu, suna jin Hausa kamar jakin Kano, kuma wannan takardar ba ta samuwa gare su. Ya yi shiru, ya ce to shi da su duk labari ɗaya ne. Muka ajiye magana cewa bayan Babbar Salla zai zo da wasiƙar Baffa, ni zan raka shi wurin mai unguwa.