Tururuwar gungun kawuna

Ranar Asabar na raka kawuna garkarsa da ke wani gungu a tsakiyar kogin Isa, can wajen Boubon. Muna cin ƙosai a gindin mangwaro, ɓarɓashi na zuba ƙasa, sai hankalina ya koma kan ƙasar. A gidanmu na Yamai, sukari kaɗan ya zube, kafin ka juya kiyashi sun ja layi, ga cinnaka, ga tururuwa masu jan hatsi zuwa rami. A gungun kuwa na daɗe a tsugune, iri biyu kawai na gani.

"Kawu, kwarkwasa na shigo muku nan?"

"Ta ina za ta bi, ɗana? Sai dai in an kawo ta cikin itace."

Gaskiyarsa. Sarauniyar kwarkwasa ba ta da fiffike, da ƙafa rundunarta ke ƙaura, don haka ruwa katanga ne a gare ta. Mu kan ce in tururuwa ta tashi lalacewa sai ta yi fiffike, amma masu fiffiken da ke fitowa bayan ruwan sama, maza ne da sababbin sarauniyoyi masu neman wurin kafa gida. Sarauniya ɗaya da ta yi barbara, in iska ta tsallakar da ita, ta isa ta cika tsibiri da zuri'arta. In nisan ya yi yawa, cikin ruwa za ta faɗa.

Wannan ne Edward Wilson, masanin tururuwa ɗan Amurka, da abokin aikinsa Robert MacArthur suka bayyana a 1967: tsibiri mai nisa ko ƙarami bai kai babba ko na kusa da gaɓa yawan ire-iren halittu ba. Wilson da ɗalibinsa Daniel Simberloff sun gwada abin a Florida. Suka lulluɓe wasu ƙananan tsibirai, suka yi musu feshi har ƙwarin suka ƙare, suka zauna jira. Na kusa suka cika da wuri, mafi nisan ne ya yi ta jan ƙafa.

Labarin Hawaii, jihar Amurka mai tsibirai a tsakiyar tekun Pasifik, ya fi taɓa ni. Nisanta da babbar ƙasa ya haura kilomita 3,000, kuma masana na ganin babu tururuwa ko iri ɗaya da ta isa can da kanta. Duk waɗanda ke can yanzu, kusan iri 60, mutane suka kai su cikin kaya, kuma suna cinye ƙwarin asali da ba su taɓa sanin tururuwa ba. A tsibirin Kirsimeti na Ostareliya ma, wata baƙuwar tururuwa ruwan ɗorawa ta kashe miliyoyin jajayen ƙaguwa.

Da za mu koma, wani kwale-kwale ya iso da dashen lemo cikin baƙaƙen ledoji. Na ɗaga guda, sai ga kiyashi na fitowa daga ƙasar ledar, kowanne riƙe da farin ƙwai a baki. Na nuna wa kawu. Ya duba, ya ce a ajiye dashen a bakin ruwa tukuna.