Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Asubahin da Hannuna Ya Ƙi Kama Birki

A makon jiya na tsaya ne a inda Kawu ya damƙa mini makullin babur ɗinsa bayan Babbar Sallar shekarar 2008, bisa sharaɗin in riƙa kawo masa balas kowace yamma, ranar Juma'a kuwa duk abin da na samu nawa ne. Babur ɗin Jincheng ne ja, irin wanda ya cika titunan Kano a wancan zamani, ya sha jiki ƙwarai amma injinsa bai taɓa ba Kawu kunya ba. Sallar ta faɗo ne a farkon Disamba, wato na shiga sana'ar acaɓa daidai lokacin da hunturu ya fara kankama, alhali ban san cewa sanyin da na saba ji ina tafe a ƙasa daban yake da wanda ake ji a kan babur ba.

Mai tafiya a ƙasa jikinsa yana motsi, jininsa yana gudu, idan iska ta matsa masa sai ya raɓe a jikin katanga. Mai babur kuwa a zaune yake cak, hannuwansa biyu a miƙe a gaba, kuma duk totur ɗin da ya ƙara, sanyi ya ƙara wa kansa, domin iskar tana kwashe ɗumin jikinsa tun kafin jikin ya samar da wani. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, busasshiya, ɗauke da ƙurar Sahara. Sai daga baya na karanta cewa kaso mai yawa na ƙurar yana tasowa ne daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, inda wani tsohon tafki ya ƙafe. A lokacin dai abin da na sani shi ne idan na dawo gida da yamma gashin idona da girata sun yi fari fat kamar na tsoho, leɓena ya tsage, majinar da zan fyace kuma baƙa ce.

Wahalar takan fara tun daga tayar da babur. Injin da ya kwana a soro cikin ɗari ba ya tashi da bugu ɗaya, saboda fetur ba ya saurin zama tururi idan ƙarfe ya yi sanyi. Sai na ja cok, na buga kik sau biyar ko shida, idan kuma na yi garaje na murɗa totur, mai ya yi wa fulogi yawa ya jiƙe, dole in kwance shi in goge da tsumma ina hura masa iska, yatsuna suna karkarwa. Bakaniken da Kawu yake kai wa gyara shi ya koya mini in riƙa wanke soson da ke tace iska duk bayan 'yan kwanaki, domin ƙura tana toshe shi babur ya riƙa shan mai kamar rijiya, in kuma riƙa ɗiga wa sarƙa baƙin mai kafin ta bushe ta fara kuka.

Da kuɗin Juma'ata ta farko na tafi Kofar Wambai wurin 'yan gwanjo na sayi wata jibgegiyar rigar sanyi mai zif, wadda hannunta ya fi nawa tsawo. Safar hannu kuwa na ga kamar almubazzaranci ne, sai na ɗauki tsohuwar safar ƙafa ina zura hannuna a ciki kamar yadda na ga wasu abokan sana'a suna yi. Wani dattijo a tasharmu ya nuna mini dabarar cusa kwali a ƙirji ƙarƙashin riga, kuma har gobe ina shaida cewa wannan kwalin ya fi rigar amfani, domin shi iska ba ta ratsa shi. Inna kuma kowace asuba sai ta miƙo mini gwangwanin man kaɗanya ta ce, "Shafa har cikin hancinka, kada ka dawo mini da haɓo irin na jiya."

Ana cikin haka sai ga maganar hular kwano. A ranar Alhamis 1 ga Janairu 2009 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta wa masu babur da fasinjojinsu sanya ta. Nan da nan kuɗinta ya tashi a kasuwa, wasu daga cikinmu kuma suka nemi ƙwarya suka shafa mata fenti suka ɗaura mata igiya, har labarin ya kai kafafen yaɗa labarai na ƙasashen waje. Fasinjoji su ma ba su so ta ba. Wani tsoron makero da ƙwarƙwata yake yi, wata ba za ta ɓata ɗaurin ɗankwalinta ba, wasu kuwa sun yarda da jita-jitar cewa ana iya yin asiri a cikin hular a sace mutum. Ni ma ina cikin masu gunaguni, har sai da Kawu ya sayo guda ɗaya ya ajiye a gabana ya ce idan ya gan ni ba ta a kaina zai karɓe makullinsa. Ban ɗauki kwana uku ba na daina ƙorafi, kuma gaskiyar magana ba tsoron hatsari ne ya sa ba, ɗumin da kunnuwana suka samu ne. Aibinta ɗaya, numfashina yakan rufe gilashin da tururi, idan na ɗaga shi kuma ƙura ta cika mini ido.

Akwai wani dattijo a unguwarmu, dillalin kayan gwari a kasuwar 'Yan Kaba, wanda kowa yake kira Baba. Lokacin sanyi shi ne kakar tumatir a yankin Kura da Kadawa, inda ake noman rani da ruwan madatsar Tiga, kuma duk dillalin da yake son kaya masu kyau dole ya isa Kwanar Gafan da wuri, kafin manyan motocin da ke lodi zuwa kudu su kwashe na kirki. 'Yan kwanaki bayan cika-ciki sai Baba ya aiko a kira ni, ya ce motar da yake bi ta lalace, yana so in kai shi da zarar an sallame sallar asuba. Kuɗin da ya ambata ya kai balas ɗin yini guda, don haka ban tsaya shawara da kowa ba na amsa.

Mun tashi gari bai waye ba, domin a Janairu rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe bakwai saura. Hazo ya sauko a daren nan irin wanda yake hana jirage sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano. Na miƙa wa Baba hular, ya ce in riƙe abata, ya naɗe kansa da rawani har ya rufe hanci, ya hau ya yi bismillah. Cikin gari da sauƙi, saboda gine-gine suna tare iska, masu shayi kuma sun hura wuta a bakin titi. Muna wuce Na'ibawa muka miƙi titin Zariya sai na san na fito fili. Hasken fitilata bai wuce 'yan taku ba yake narkewa cikin hazo, da na ɗaga ta sama kuma sai abin ya ƙara lalacewa, hasken ya dawo mini a ido kamar an shanya farin zane a gabana. Na mayar da ita ƙasa, na riƙa bin gefen kwalta.

Kafin Dangwauro yatsuna sun fara zafi kamar ana soka musu allura, iska tana shiga ta saƙar safar kamar babu komai a hannun. Bayan wani ɗan lokaci sai zafin ya ɗauke, ni kuma da wautata na yi murna, na ɗauka hannun ya saba ne. Baba ya ɗan taɓa kafaɗata ya ce, "Ɗana, ko za mu tsaya ka ɗan ji ɗumi?" Na ce, "A'a Baba, lafiya lau nake, kada mu makara." Kunya ce ta hana ni tsayawa, kada ya ce Kawu ya ba yaro babur.

Da muka gangara wajen gadar Tamburawa sanyin ya canza kama. Iska mai sanyi nauyi gare ta, kwari take bi ta kwanta, ga kuma danshin kogi, sai na ji kamar an kwara mini ruwan randa a ƙirji duk da kwalin. Haƙorana suna haɗuwa, idona yana zubar da hawaye, hankalina kuma ya yi wani irin nauyi kamar na mai gyangyaɗi. Mun haye gadar da kaɗan na ga reshen bishiya a kan titi, na kauce masa ban kawo komai a raina ba. Na ga na biyu. Sai a na uku ƙwaƙwalwata ta tuna mini cewa haka direbobi suke jera ganye idan mota ta mutu a hanya, kuma a daidai lokacin bayan wata tirela ya fito daga cikin hazo, babu fitila ko ɗaya a jikinta.

Na ce wa hannuna na dama ya damƙi birki, amma yatsun suka tsaya yadda suke a lanƙwashe a kan totur, kamar na wani ne aka ara mini. Na take birkin baya da dukkan ƙarfina, tayar ta ja a kan yashin da iska ta tara a gefen titi, babur ya juya ya kwanta, muka zube. Na ji ƙarar hular a kan kwalta tun kafin in ji zafin komai. Allah ya taƙaita, ba gudu nake yi sosai ba saboda hazon, babur ɗin ya tsaya 'yan taku kaɗan daga tayoyin tirelar.

Yaran motar, waɗanda suke jin ɗumi a gindin wata bishiya, suka rugo suna salati. Baba ya faɗa kan yashi, ya gurje a gwiwa da gwiwar hannu, rawaninsa ya warware, amma da aka ɗaga shi abin da ya fara yi shi ne laluba aljihun 'yar cikinsa ya tabbatar kuɗin tumatir suna nan. Ni kuma aka ja ni wurin wutar, na miƙa hannuwana zan cusa su cikin harshenta, sai Baba ya buge su. Ya ce, "Kul! Hannun da ba ya ji, ƙonewa zai yi ba ka sani ba. Sa su a hammatarka." Na cire safar na ga yatsun sun yi fari sun ƙage. Na cusa su ƙarƙashin riga, kuma lokacin da jini ya fara dawowa cikinsu na ji azabar da ta fi ta faɗuwar, har sai da na durƙusa.

Baba bai yi mini faɗa ba. Ya karɓi ruwan zafi a wurin yaran ya wanke gurjewarsa, sannan ya ce tun daga Dangwauro ya ji yadda nake sakin kuloci da fizga ya san hannuna ya mutu, shi ya sa ya yi mini tayin tsayawa. Ya ce shekarunsa da yawa yana bin wannan hanya da asuba, kuma tsofaffin masu babur da ya sani sukan tsaya su ɗora tafin hannu kusa da injin su ɗumama shi tun hannun yana musu zafi, domin ɗaukewar zafin ita ce alamar hatsari. Na sunkuyar da kai na ce, "Ka yi haƙuri, Baba." Ya ce, "Tashi ka duba babur ɗin mutane."

Madubin hagu ya fashe, hannun kuloci ya karye rabi, tanki ya loɓa. Muka jira har rana ta fito, jajir kamar faifai a cikin hazo, sannan muka ci gaba a hankali ina kama guntun kulocin da yatsu biyu. Mun isa Kwanar Gafan an riga an kwashe kwandunan farko, Baba ya sayi abin da ya samu, ya biya ni kuɗina cif bai rage ko sisi ba, ya ƙara mini da wani abu ya ce in sayi safar hannu ta fata.

Da yamma na tura babur cikin soron Kawu ina ta shirya maganar da zan faɗa. Ya zagaya shi sau ɗaya, ya taɓa loɓawar tankin, sannan ya ɗauki hular ya juya ta, ya daɗe yana kallon inda kwalta ta kankare fentin har ta ci robar. Ya ajiye ta ya ce kuɗin madubi da na kuloci daga aljihuna za su fito, naira ɗari-ɗari kullum har su cika, kuma kada in kuskura Inna ta ji wannan labari daga bakina. Ba daga bakina ta ji ba kuwa, matar Baba ce ta shigo yi mata jaje washegari da hantsi, kuma abin da ya biyo bayan wannan jaje shi zan kawo a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.