Mako na shida da Java: inda new ke samo fili

Abokan koyo, barkanmu da war haka. Wannan makon ban rubuta wata manhaja ta kirki ba, tambaya guda ce ta riƙe ni: in na rubuta new don ƙirƙirar sabon abu (object), ina HotSpot, injin da ke gudanar da manhajar Java, ke samo wa abin wuri a memori da sauri haka?

Da na zaci nema yake yi cikin guraben da aka saki, irin na malloc, mai ware memori a yaren C, kodayake shi ma malloc na zamani yana da dabarunsa. Ashe ba haka ba ne. A shagon ɗinkin yayana nan Birnin Kebbi abin ya faɗo mini. In sabon bandir na shadda ke gabansa, aunawa kawai yake, ya sa almakashi, ya matsa gaba. Buhun ƙyallaye ne ke tsayar da shi yana tono, yana gwada wanda zai isa aljihu.

To, HotSpot da bandir yake aiki. Sababbin abubuwa a wani yankin memori mai suna Eden ake ajiye su, kuma kowane zare (thread, wato layin aiki guda cikin manhaja) an yankar masa nasa kaso daga can, shi ne TLAB. Alama biyu ke tsaron kason: inda aka tsaya, da inda ya ƙare. JIT, mai fassara Java zuwa lambar inji yayin da manhaja ke gudu, cikin lambar da ya fitar yake cusa lissafin kai tsaye: a ɗora girman abu kan inda aka tsaya, in bai zarce ƙarshe ba a matsar da alamar, a rubuta kan abu (header, 'yan bayanan da ke farkon kowane abu), sauran a cika da sifili. Ba kulle, ba jiran layi, tunda kason na zare ɗaya ne. A injin bit 64, bisa tsarin da aka saba, kan abu bayit 12 ne, ana cikasa girman zuwa ninkin 8. Shi ya sa Object da ba komai cikinsa ke cin 16.

In kaso ya ƙare sai a karɓo wani. In Eden ɗin kanta ta cika, mai kwashe shara (garbage collector) ya kwafe abubuwan da har yanzu ake amfani da su zuwa wani yanki, a dawo da ita fayau. Ni dai a ganina saurin nan bashi ne, nan ake biyansa.

Na sha kunya wajen gwaji. Na rubuta madauki (loop) mai ƙirƙirar ƙananan abubuwa, na kunna -Xlog:gc don in ga rahoton kwashe shara, sai na ga mai kwashe shara ya motsa kaɗan a farko, daga nan tsit. Har na fara zargin kwamfutata. Ashe C2, ɗaya daga cikin masu fassarar JIT, shi ne ya lura abin ba ya fita daga aikin (method) da aka haife shi a ciki, sai ya ƙi ware masa wuri ɗungum. Da na kashe wannan dabarar da -XX:-DoEscapeAnalysis, sai ga Eden na cika tana zubewa ba ƙaƙƙautawa.

Saura in kashe TLAB da -XX:-UseTLAB, in gwada da zare huɗu, in ga yadda za su yi rububin alama ɗaya. An ɗauke wuta tun la'asar, batir kuma ya kusa mutuwa, sai gobe in Allah ya kai mu. Wanda ke kan .NET, dandalin Microsoft, ya gwada nasa, mu kwatanta.