Shafuka huɗu da hannun Lincoln

Daren jiya barci ya ƙi zuwa, sai na buɗe hotunan daftarin sanarwar farko ta 'yanta bayi da shugaban Amurka Abraham Lincoln ya rubuta da hannunsa, wadda ya fitar ranar 22 ga Satumba 1862, kwana biyar bayan gumurzun Antietam a yaƙin basasar Amurka. Shafi huɗu ne kacal, yana ajiye a ɗakin karatu na jihar New York da ke Albany.

Na ƙara girman hoton har ina ganin inda tawada ta yi kauri. A wasu wuraren bai tsaya kwafar dokokin majalisa ba, yanko su ya yi daga takardar da aka buga ya manna. Ga kuma gyare-gyaren sakatarensa na harkokin waje, William Seward, a tsakanin layuka. Wallahi jikina ya yi sanyi. Rayuwar miliyoyin mutane, jikokin waɗanda aka kwashe daga nahiyarmu, tana rataye a kan wannan 'yar takarda.

Amma raina ya sosu da na karanta sharaɗin. Jihohin da suka yi tawaye kaɗai ta shafa, daga 1 ga Janairu 1863. Bawan da ke Kentucky ko Maryland, jihohin da ba su yi tawaye ba, sai ya ci gaba da jira, Kentucky ma har Disamba 1865, lokacin da aka tabbatar da gyara na 13 na tsarin mulki, wanda ya haramta bauta.

Daftarin sanarwar ƙarshe ta Janairu 1863 da Lincoln ya rubuta kuwa gobarar Chicago ta 1871 ta cinye shi. Allah Ya sa wannan ya tsira.