Jirgin da ba ya lotsawa

Mu da muka koyi gyaran jirgin sama a kan masu jikin alminiyam, da ido muka saba aiki. Idan motar kaya ko matakalar fasinja ta bugi gefen jirgi, wurin zai lotsa, ka haska tocila, ka auna zurfinsa, ka duba littafin gyara. Boeing 787 ne ya raba mu da wannan sabo.

Kusan rabin nauyin jikinsa zaren kabon ne, an jera shi falle kan falle, an haɗe da gam an gasa. Shi ya sa bai cika nauyi ba, bai cika shan mai ba. Kamfanin ANA na Japan ne ya fara jigilar fasinja da shi a 2011, kamfanin Ethiopian na Habasha kuma ya riga kowa samunsa a Afirka a 2012. Fasinja sai yabon manyan tagoginsa suke yi, mu kuwa a ƙasa damuwarmu daban.

Irin wannan jiki, in an buge shi, yakan koma yadda yake, ko fenti bai ɗaye ba, alhali fallayen ciki sun rabu. A wajen horo malaminmu ya miƙo mana wani yanki, muka shafa, sumul. Ya ɗauki 'yar guduma yana ƙwanƙwasawa: nan ƙara tana fita tsaf, ya matsa kaɗan sai ta dushe. Da ya ɗora na'urar sauti, irin ta hoton ciki a asibiti, sai ga rabuwar ƙarara.

To amma na'ura ba ta san inda za a ɗora ta ba. Samfurin 787-9 tsawonsa ya kusa mita 63, kuma ba mai bin sa taƙi-taƙi a ɗan lokacin da ake sauke kaya ana lodi. Dole wanda ya yi bugun ya buɗe baki, kuma galibi direban motar kaya ne, mutumin da ke cikin masu ƙaramin albashi a filin. Idan ya san tsawa da yankan albashi ne ke jiransa, zai leƙa, ya ga ba alama, ya ja bakinsa ya yi shiru. Ogan da ke alfahari da zafin rai, a ganina, ya fi shi kansa bugun haɗari.

Yanzu idan yaro ya zo yana rawar murya, "Oga, na ɗan taɓa jikin jirgi," ba na tambayar garin yaya. Cewa nake, "Sannu, muje ka nuna min wurin," in zagaye shi da alli, in aika a kawo na'ura.