Hilu-mur da zafin Mai Wurno

Zafin bana ya sa na ɗanɗana duk abin shan da ake haɗawa a unguwarmu, a nan Mai Wurno ta ƙasar Sudan. Zoɓo da ruwan tsamiya suna kashe ƙishi nan take, ba na musu, amma hilu-mur ɗin Inna daban yake wallahi. Dawa take jiƙawa sai ta yi tsiro, ta shanya, a niƙo, ta dama da citta, kirfa da hulba, ta bar ƙullin ya yi tsami. Sannan maƙwabta su taru a gasa shi fale-fale. In aka jiƙa aka tace, ga zaƙi ga ɗan ɗaci, sanyinsa har cikin ƙashi. Ruwan kuka kuwa nauyi gare shi, sai bayan la'asar nake sha. Inna, Allah ya ƙara lafiya, a ajiye mini na azumi.