Wadda ke wanke kwalaben rake

Jiya aka karrama ma'aikata a wurin aikinmu, kuma sunan da ya fi burge ni shi ne na matar da ke wanke kwalabe. Da aka kira ta sai ta waiwaya baya, a zatonta wata ake nufi.

Aikinmu rainon rake ne a cikin kwalba. Mukan yanko ɗan tofon da ke can tsakiyar kan rake, wanda bai kai ƙwayar gero ba, mu dasa shi a kan wani abinci mai kama da kamu. Daga nan yake hayayyafa ya ba da iri mai tsabta, mara cuta. To, kwalba ɗaya in ta yi datti, fumfuna ta shiga, aikin wata uku ya tafi ke nan. Matar nan ce ke dafa kwalaben a tukunyar turiri a zafin digiri 121, kullum tun kafin mu iso. Hannunta duk ya yi kanta.

Na tuna 2017, lokacin da Brazil ta amince da raken cibiyar binciken rake ta CTC da ke birnin Piracicaba, wanda aka sauya wa ƙwayar halitta don ya jure tsutsar da ke huda kara. Sunan cibiyar kowa ya ji. Ni kuwa masu wankin kwalabensu na yi ta tunani.

Bayan taro na ce mata, "Inna, yau kam sai ki huta." Ta yi dariya ta ce tukunyar tana kan wuta, ta wuce abinta.